Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Igiyar Kawu

A makon jiya na tsaya ne a ranar da muka iske ƙofar masakarmu a garƙame, bayan na shafe shekara 19 ina tsaye gaban injin saƙa. Ba tamu kaɗai ba ce. Tsakanin 2002 da 2007 manyan masakun Kakuri da ke Kaduna suka yi ta durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Wuta ba ta zama, baƙin mai ya yi tsada, ga atamfar China tana kwararowa ta kan iyaka da arahar da ba mai iya ja da ita.

Tun ina saurayi, idan aka ce wane ya ci nasara a rayuwa, Fijo 504 nake gani. A nan Kakuri ake haɗa ta a lokacin. In na tashi daga aikin dare sai in tsaya ina kallon sababbi fil ana fitowa da su, ina raya wa zuciyata ranar da zan shiga ƙauyenmu da tawa, yara na bina da gudu. Ban samu ba. Vespa na iya saya, ita ma wata huɗu da rufe masaka na sayar na biya kuɗin haya.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na bar iyali a Kaduna, na hau motar Funtuwa. Da gangan na ɓata lokaci a tasha, don kada in shiga gari ido na ganin ido.

Gidan Kawu na sauka, ƙanen mahaifiyata. Mahaƙin rijiya ne, kuma Allah Ya gafarta mini, na daɗe ina raina sana'arsa. Ya haura saba'in, ya daina shiga rami, yaransa ke shiga. Amma kafin kowa ya sauka sai ya ɗaura fitilar ƙwai a igiya ya zura ta a hankali, ya sunkuya yana kallo. In ta mutu, iskar ciki ba ta da kyau, ranar babu mai sauka ko nawa aka biya. In aka turo ƙasa a guga sai ya damƙa, ya murtsuke, ya shinshina, ya ce saura gaba ɗaya ko biyu a cim ma ruwa.

Ranar kasuwar Bakori na raka shi a ƙafa. Tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ta cinye mana safiya. Duk unguwar da muka ratsa sai mata su saki guga su durƙusa. Wani dattijon Bafulatani ya tare mu da ƙwaryar nono, ya riƙe hannun Kawu ya ƙi saki, ya ce mini a farin 1984 rijiyar wannan bawan Allah ce ta tsirar masa da garke, kuma ko kwabo bai karɓa ba sai da damina ta faɗi. Kawu ya sunkuyar da kai, yana ta cewa, “Ruwa ai na Allah ne.” Rigarsa ɗaya ce mai kyau, ita ce a jikinsa.

Da dare na kasa haɗiye tuwo. Na ce, “Kawu, ni dai na yi asarar ƙuruciyata. Shekara 19, ba gida ba mota.”

Ya daɗe bai tanka ba. Can ya ce, “Ɗana, yadi nawa ka saƙa?”

Na ce wa zai iya ƙirgawa.

Ya ce, “To, akwai yarinyar da aka kai ɗakin miji da zanen da ya fito daga hannunka. Akwai wanda da farin yadinka aka yi masa likkafani. Da haram ka ciyar da 'ya'yanka?”

Na ce a'a.

“Ci tuwonka.”

Na ci, hawaye na zuba a cikin miyar kuka. Na zaci zai ce in bar zancen duniya, ko ya nuna mini sana'arsa ta fi tawa. Bai yi ko ɗaya ba.

Da asuba, bayan mun fito masallaci, ya miƙo mini igiya da guga, ya ce ɗaya daga cikin yaransa ya tafi cirani, suna neman mai ja. Kafin azahar tafin hannuna duk ya yi bororo. Ina zaune ina hura shi sai ga wani direba daga Kaduna da saƙon uwargida, wai mai gidan haya ya ba su kwana bakwai su kwashe kaya.

Yadda na koma Kaduna da kuɗin da Kawu ya kwance daga bakin zanen matarsa, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.