Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Milimita biyu

Jama'a barkanmu da wannan satin. Wancan karon mun tsaya inda aka cire min matauni biyu na ƙasa da shayi mai sukari ya cinye. To shekara huɗu na yi ina tauna da gefe guda kamar akuya, kilishi kam sai dai ido, har yayana ya gaji ya ce in shirya mu bar Maradi mu tafi Yamai a yi min dashen haƙori.

Ni a zatona ƙusa ce kawai za a ɗaura in koma kasuwa. Ina! Sai da aka sa kaina a sikana, kuma sau biyu aka yi, don na farkon na haɗiye yawu kaina ya motsa hoton ya ɓaci. Likitan ya ce Malam hoton nan da shi ake auna komai, in ya karkace aikin duka ya karkace.

Ya juyo kwamfuta ya nuna min wani layi cikin muƙamuƙina, wai jijiya ce, dole a bar aƙalla milimita 2 tsakaninta da ƙarfen titaniyom ɗin da za a dasa cikin ƙashin ya riƙe sabon haƙorin, in aka taɓa ta leɓena na ƙasa ya mutu kamar an yi allurar kashe zafi, wani lokacin ma ba ya dawowa. Wallahi nan zufa ta keto min duk da sanyin ɗakin. Ga shi ƙashin wurin ya shanye saboda daɗewar da na yi da giɓi, laifina ne wannan, ban musa ba.

Ranar aikin aka kawo wata roba da aka ƙera daidai bakina, ta zauna kan sauran haƙoran, da rami inda injin huda zai bi kar ya kauce. Matsalar bakina ba ya buɗuwa sosai, wurin kuma can ciki ne, likita na ta cewa ƙara buɗewa Malam, ni kuwa kunnena har ƙara yake. Ruwan gishiri mai sanyi suke ta fesawa, ashe in zafin huda ya wuce digiri 47 ƙashin yakan lalace ya ƙi kama ƙarfen.

Da aka gama ya ce sai bayan wata uku za a ɗora haƙorin a kan ƙarfen, kuma ban da taba. Yadda muka kwashe da maganar taban nan, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.