Garejin tsofaffin Fijo

Garejina yana kudancin Kaduna, ba nisa da Kakuri, kuma abin da muka fi yi shi ne tayar da tsofaffin motoci, musamman Fijo. Ni nake kan inji. Akwai fanel bita da mai fenti da muke tare kullum, sai rewaya da mai kushin da ake kira in aikinsu ya taso, sai yara masu koyon aiki. Muna taɓa Marsandi da Bitil in an kawo, amma duk wanda ya leƙo ƙofarmu Fijo 504 zai fara gani.

Ba banza ba wannan sana'a ta zauna a Kaduna. A 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a nan Kakuri. Ita 504 ta fito a Faransa tun 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kuma aka ci gaba da haɗa ta a garin nan har bayan shekara ta 2000, alhali can gidansu an daɗe da daina yin ta. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta mayar da Fijo motar manyan ma'aikata. Daga nan babban sakatare da alƙali da hakimi da shugaban makarantar da ya samu bashin mota, kowa Fijo. Wagon ta kama hanyar Kano da Jos da fasinja, a-kori-kura ta kama kasuwannin ƙauye. Shi ya sa har yau da wuya ka shiga tsohuwar unguwar ma'aikata ba ka ga wata a gindin bishiya ba, tayoyi sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Yawancin masu zuwa wurina magada ne. Mutum ya kai shekara hamsin, Allah ya rufa masa asiri, yana da motarsa ta zamani mai sanyi, sai ya tuna da motar da aka riƙa kai shi makaranta da ita. Zai zo ya ce, "Malam, motar Baba ce, so nake ta dawo yadda na san ta." Sai na ce, "Alhaji, mu je in gan ta tukuna." Ba na yanka kuɗin aiki ta waya, ba na kuma yanka shi da hoto.

In na isa, ba na fara buɗe bonet. Injin 504 ba ya ba ni tsoro. Injin nan mai cc 1971 da ke kwance a karkace, sarƙa ke ja masa tayimin, kuma silib ɗinsa, wato bututun da fistan ke kai-komo a ciki, ana zare su a sa sababbi ba sai an kai bulok wurin masu faɗaɗa ramin fistan ba. Ko ya shekara goma a tsaye ya kafe, mukan cire fulogi mu zuba mai a ramukan, mu bar shi ya jiƙa, sannan mu riƙa juya shi da sifana a hankali har ya saki. Wanda ya yi gaggawa ya sa batir ya murɗa maɓalli, shi ke karya ringi.

Abin da ke yanke hukunci shi ne bodi. Ina zuwa da mayen ƙarfe a naɗe cikin tsumma, in bi jikin motar da shi daga fitilar gaba har but. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya zame, an cika wurin da fila an shafe da fenti, kuma sau da yawa ƙarƙashin filar babu komai sai tsatsa. Daga nan in ɗaga kafet in duba inda direba ke sa ƙafa, domin in robar gilashin gaba ta bushe, ruwan damina ta nan yake gangarowa ya kwanta. In tsuguna in soki gindin ƙofofi da sukundireba, da wurin da ake kafa jak. Idan sukundireba ta shige kamar cikin dafaffiyar kabewa, to aikin ya tashi daga gyara ya koma yanka da walda, kuɗi kuma ya ninka. Akwai motar da nake gaya wa mai ita gaskiya: wannan ta gama, mu ciri abin da ke da amfani a jikinta mu nemo wani bodin. Ba kowa ke son jin haka ba. Wasu sukan yi fushi su kai ta wani wuri a lafta mata fila, ta yi ƙyalli damina ɗaya, fenti ya fara kumbura.

Kayan gyara kuwa, manyan ba su da wuyar samu. Fistan, ringi, gasket, kulochi, famfon ruwa, duk akwai a kasuwar Panteka ta nan Kaduna, in babu a aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas ko Nnewi. Ƙananan abubuwa ne ke hana barci: tambarin zaki na asali, murfin taya, hannun ƙofa, gilashin fitilar baya wanda bai tsage ba, dashbod da rana ba ta farfasa ba. Waɗannan ba a shago suke ba, a jikin matattun motoci suke. Ina da mutane da ke kira na daga Zariya da Funtuwa, har Maraɗi da Damagaram, in sun ga wata an jingine. Abokan tserena su ne 'yan jari-bola. Su ba ruwansu da tambari ko shekara, kilo suke aunawa, su sa wuta su yayyanka a loda sai kamfanin narka ƙarfe. Ba na ganin laifinsu, abincinsu ke nan, amma na sha isa gida a ce mini jiya-jiyan nan aka ɗauke ta. Saboda haka bayan garejina ya cika da gawarwakin mota da na saya ba don su tashi ba, maƙwabta suna ta ƙorafi.

Su masu sha'awar motocin nan ba bakinsu ɗaya ba. Akwai wanda in ka sa masa kusa ɗaya da ba ta kamfani ba zai gane, ya sa ka cire. Irin wannan yana adana takardun motar na farko da tsohuwar lambarta mai KD ko KN, ko da doka ta sa ya maƙala sabuwa. Akwai kuma samari masu son a sauke mota ƙasa, a sa mata faffaɗan rim, a buɗe salansa ta riƙa ruri, a cika but da sifika. Wasunsu ma injin Toyota suke so a dasa, wai don kabureta na shan mai kuma tana gardama da safe. Ƙa'idata a nan ita ce, duk abin da za a iya kwancewa gobe a mayar da na asali, zan yi. Rim, rediyo, na'urar sanyi, ba matsala, in zuba tsofaffin kayan a buhu in ba mai motar ya ajiye. Amma a yanka wurin zaman inji, ko a taɓa bututun nan da farfela ke ciki, wanda ke riƙe da ƙafar baya, wannan sai dai a wani garejin. Ita 504, motar da ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, ba ta buƙatar gyaran tunani daga wurina. Gardamar kabureta kuma, sau tari datti ne da kwantak da ba a saita ba. Masu wasan mota a wurin biki, da ke son ta don tayoyin baya ne ke ja, su ma ba na karɓar aikinsu. Na ga abin da wasan ke jawowa.

Ranar Lahadi da la'asar masu motocin kan haɗu a wani fili, kowa ya goge tasa ya buɗe bonet. Nan za ka ji musu har magariba: wannan kalar kamfani ya yi ta ko bai yi ba, wannan sitiyarin na samfurin GL ne ko na SR, samfurin Bestline ta kai ta farko ƙwari ko ba ta kai ba. Dattijo zai tsaya yana shafa kujera yana ba da labarin tafiyarsa Maiduguri. Ina zuwa, don a nan nake samun rabin aikina. Da Sallah ma sukan fito a jere, kuma yanzu ana hayar wasu don ɗaukar amarya ko ɗaukar fim ɗin da labarinsa na zamanin da ne.

Ta fuskar kuɗi, sana'ar ba ta kai yadda ake zato ba. Mota ɗaya takan ci watanni, tana tare wuri, canjin mai da gyaran birki na yau da kullum su ke biyan yara da haya. Yanzu kashi-kashi nake karɓa: na walda, na inji, na fenti, na kushin, kowanne kafin a fara shi. Dalili, zumuɗi yana da saurin hucewa. Mutum zai kawo mota da ɗoki, a tsiraita ta, sai hidimar gida ta taso masa, waya ta daina shiga.

Wadda ke gabanmu yanzu Fijo 404 ce mai giya a jikin sitiyari, kuma sitiyarin nata a dama yake, alamar ta shigo tun kafin watan Afrilun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. Jikan mai ita ya ce a juya masa shi zuwa hagu don ya ji daɗin wuce manyan motoci. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan sitiyarin shi ne rabin darajarta, kuma ba Abuja za ka riƙa zuwa da ita ba." Ya yarda. Matsalar ita ce rak ɗin, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba, ya cinye, kuma duk na kasuwanninmu na hagu ne. Mun ba da saƙo a duba mana a Kenya, inda aka haɗa Fijo masu sitiyari a dama. Kafin ya iso, fanel bita yana kan ƙofar baya.