Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Ƙudirin da aka kwantar a durowa

Makon jiya na tsaya a inda aka hana ni tikiti a 2007, kuma wasunku sun aiko suna tambaya ko na yafe. Na yafe, don ni ma gafarar Allah nake nema. Sai dai yafiya ba ta hana a faɗi yadda abu ya faru.

Zango biyu na yi a majalisar dokokin jiharmu, tun 1999 da soja suka koma bariki. Rijiyoyin burtsatse da babura da kekunan ɗinki na raba, kowa ma ya raba, ba su ne abin tunƙahona ba. Abin da nake bugun ƙirji da shi ƙudiri ɗaya ne, kuma bai zama doka ba. Abu uku ya ƙunsa: a hana gini a kan hanyar ruwa, a bar wa kowace kasuwa layin da motar 'yan kwana-kwana za ta iya shiga, sannan a ware kuɗin yashe magudanai kowace shekara tun damina ba ta faɗi ba. Ya tsallake karatu na farko, ya tsallake na biyu, Kakaki ya miƙa shi ga kwamiti, har an zauna jin ra'ayin jama'a. Daga nan ya shiga durowa.

Shugaban kwamitin ba baƙo ba ne a gidanmu. Tuwon uwargida ya sha ci, shi ya yi wa Yaya walicci a aurensa na biyu. Da na matsa masa, a gaban mutane ya dafa kafaɗata ya ce, "Honarabul, wa ka taɓa gani ya ci zaɓe da kwata?" Aka kwashe da dariya. Daga ranar na zama ɗan majalisar kwata, har yaran jam'iyya suna rera mini shi a wurin taro. Sai daga baya na gane shagunansa ne jere a kan babbar magudanar da ta ratsa bayan tasha.

Na kai wa Baffa kuka, Allah ya jiƙansa. Yana zaune a kan buzu yana jan carbi, bai ko ɗago ba ya ce, "Ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya. Kai dai ka faɗa musu, ruwa zai ƙarasa sauran."

Shekarun da suka biyo baya gona na koma, ba ni da abin faɗa a kansu. Bayan zaɓen 2011 aka kira ni aka ba ni hukumar agajin gaggawa ta jiha. Na san ba don ƙauna ba ne, kujera ce da manya ba sa rububinta. Ofis ɗaki uku, mota ɗaya mai lafiya, sito cike da tabarmi da bokitai. A ƙasar nan in an ce tsaron al'umma sai hankali ya tafi kan bindiga, alhali sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce, ta tarayya. Abin da ke hannun jiha kai tsaye shi ne gobara da ambaliya da magudana da tsarin kasuwa, kuma su aka fi rainawa.

Sai ga 2012. Ku da kuka yi wayo kun tuna: jihohi 30 cikin 36 ruwa ya taɓa, alƙaluman hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, sun ce mutum 363 suka rasu, sama da miliyan biyu suka bar gidajensu. Kamaru ta saki ruwan madatsar Lagdo, Binuwai ya cika ya batse, har hanyar Lakwaja zuwa Abuja ta yanke. Mu namu ba na Lagdo ba ne, ruwan sama ne da kogi da magudanan da aka toshe, amma ɓarnar iri ɗaya ce.

Wanda bai ga yadda ginin ƙasa ke faɗuwa ba zai zaci da ƙara yake zuwa. Daga gindi yake jiƙa, katangar ta yi duhu kamu ɗaya, kamu biyu, sai ta zauna a hankali kamar raƙumi zai durƙusa, azara ta biyo ta. A wani ƙauye na bakin kogi mun kwana muna cika buhuna da yashi muna ɗaure jinga da fitilar hannu, samari cikin ruwa har ƙugu. Da asuba jingar ta ɓalle ta gefen da ba mu kai ba. Wani dattijo ya ƙi shiga kwalekwale, ya rungume rumbunsa, gero na bara yana kumbura a ciki. Na ce, "Baba, don Allah ka taso, za a ba ka wani." Ya dube ni ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda za ku ba ni kwano nawa ne?" Na san amsar, don ni na sa hannu a takardar rabon. Ba a fafe gora ranar tafiya, ga mu muna fafewa ruwa na bin ƙafafunmu.

Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya shanye Maiduguri, ina kallon hotunan a waya sai da na ajiye ta, dattijon nan kawai nake gani. Kuma tun 2013 hukumar NIHSA, mai sa ido kan ruwan koguna a ƙasar nan, take fitar da hasashen ambaliya duk shekara, da sunayen ƙananan hukumomi. Ba wanda zai ce ba a faɗa masa ba.

Mu koma 2012. Muna tsaka da rabon kaya a makarantar firamaren da muka mayar sansani, shinkafa da gidan sauro da katifa da bandir ɗin kwano, sai ga takarda daga mutumina na kwamiti. Ruwa ya shiga shagunansa na bayan tasha, yana neman a sa sunansa cikin waɗanda za a ba siminti. Na karanta, na ninke, na sa a durowa. Simintin gwauraye da marayu aka ba, kuma ko gobe aka maimaita haka zan yi. Ya kai ƙarata sama, wai ina siyasa da kayan agaji. Ba a daɗe ba aka gode mini bisa hidimar da na yi.

Yanzu aikin ba da shawara nake yi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da hukumomi da masu ba da tallafi daga waje suna kirana in duba musu wuri in rubuta rahoto. Bayan gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris na 2016 kira ya yi yawa, kowa ya tsorata. Nakan shiga kasuwa da igiyar awo, in auna faɗin layi, in ɗaga kai in dubi wayoyin lantarkin da aka saƙa a kan rumfuna, in leƙa inda ake ajiye janareta da jarkar fetur, in tambayi inda tankin ruwa yake. Abin da nake rubutawa a biya ni, shi ne dai abin da na kai zauren majalisa kyauta aka yi mini dariya. Wasu suna aiki da shi. Akwai kasuwar da shugabanninta suka rushe tebura da hannunsu suka buɗe layi, na tsaya har motar kashe gobara ta shiga ta gwada ta fita ta ɗaya ƙofar.

Shi kuwa mutumina shagunansa suna nan a kan magudanar, har ya ɗora musu bene. Mun haɗu a wurin ta'aziyyar Inna, ya miƙo hannu na karɓa, don gidan makoki ne. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan faɗi yadda aka yi da deliget a daren masalahar 2007, da wanda ya ɗauki jakar.