Manhajar ta hau: godiyata ga waɗanda suka tsaya mini

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Alhamdulillahi, manhajar gwajin nan da na dame ku da maganarta tun ranar Alhamis ta hau intanet. Jiya Lahadi bayan La'asar na ari wayar ƙanwata, na rubuta adireshin, sai ga shafin ya buɗe. Na nemi sunan ɗalibi, ya fito da ajinsa. Na daɗe ina kallon wayar nan kamar wanda aka yi wa albishir ɗin haihuwa, har mai wayar ta ce in ba ta abarta. Yaba kyauta tukwici, shi ya sa na ce bari in rubuta wannan tun abin yana sabo a raina.

Ga wanda bai san zancen ba, a inda nake koyon aiki ne aka ba kowannenmu aikin kammalawa: ya rubuta 'yar ƙaramar manhaja, ya ɗora ta a kan sabar haya (kwamfutar da ake haya a intanet don ta ɗauki shafi), ya haɗa ta da rumbun bayanai na gaske, ranar Litinin a duba. Ni rajistar ɗalibai na yi, ina kwaikwayon littafin kiran suna na Islamiyyar unguwarmu: suna, aji, izun da yaro ya kai. Da Django, wani kayan aikin gina manhajar intanet, na rubuta ta. A kwamfutata komai lafiya lau yake tafiya, don ɗan ƙaramin rumbun bayanai na SQLite nake amfani da shi, shi kuwa fayil ne guda ɗaya a ajiye, ba ruwansa da sunanka balle kalmar sirrinka. Wannan sauƙin ne ya ruɗe ni na ɗauka na iya.

Da Yayana zan fara, don ba don shi ba ko sabar ma ba zan samu ba. Katina ya ƙi biyan dala, na gwada sau uku. Yana wurin aiki na kira shi, bai tambaye ni mece ce sabar ba, cewa kawai ya yi, "Nawa ne?" Yaya, Allah ya ƙara buɗi, ya raya maka zuri'a.

Daren Juma'a na saka Ubuntu 24.04, babbar manhajar da ke tafiyar da sabar, na saka PostgreSQL 16, manhajar rumbun bayanai da ke zuwa tare da shi, na buɗe rumbu, na yi wa manhajar suna da kalmar sirri. Da na ce ta shiga, sai rumbun ya ce bai san ta ba. Na sake kalmar sirri, ya ƙi. Na goge sunan na sake yi, ya ƙi. Wajen ƙarfe ɗaya na dare idona ya rufe, na bi shawarar wani bidiyo da na tsinta: na buɗe fayil ɗin pg_hba.conf, mai tsara wanda zai shiga rumbun, na mayar da komai trust, wato a yarda da duk wanda ya zo ba tambaya. Don in riƙa leƙa rumbun daga kwamfutata kuma, na ce ya saurari kowane adireshi a duniya, na buɗe ƙofa mai lamba 5432 a katangar tsaro. Nan take manhajar ta shiga. Na ɗauki hoto na tura zaurenmu na WhatsApp ina murna, da hoton fayil ɗin da komai.

Ko minti goma ba a yi ba wayata ta yi ƙara. Wani babban yayanmu ne a harkar, wanda muke kira Injiniya. Ya hana ni faɗin sunansa, zan kuma bi umarninsa. Ba malamina ba ne, sau biyu muka taɓa haɗuwa, ko ruwan leda bai taɓa sha na wurina ba. Bayan sallama ya ce, "Malam, gidanku haka ake kwana, ƙofa a wangale don makulli ya yi gardama?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai na gwaji ne, babu komai a ciki." Ya ce in buɗe fayil ɗin da sabar ke rubuta duk wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Na buɗe. Wallahi sabar da ko kwana biyu ba ta yi a duniya ba, wadda ban ba kowa adireshinta ba, ga layi kan layi na baƙin adireshi suna gwada sunaye ɗaya bayan ɗaya. Ya ce waɗannan injuna ne da ke zagaya intanet dare da rana suna lalube, ba su damu da sunayen ɗalibaina ba, sabar kanta suke so su mallake su riƙa haƙar kuɗin kirifto da ita, ni kuma in biya haya. Jikina ya yi sanyi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bai ce in ba shi hanyar shiga ya gyara mini ba, alhali da minti biyar ya ishe shi. Cewa ya yi in rufe ƙofar da hannuna tukuna, a bar ƙofofi 22 da 80 da 443 kaɗai, wato ta shigata sabar da na masu buɗe shafin. Sannan ya ce in karanto masa saƙon kuskuren farko da baki, kalma bayan kalma, kamar mai biya allo. A wurin karantowar ne na ga kalmar peer, wadda na wuce ta ya fi sau ashirin. Ashe da na bar gurbin adireshin rumbu babu komai a saitin Django, manhajar ta cikin gida take bi, a wannan hanyar kuwa PostgreSQL ba ya duba kalmar sirri sam. Sunanka na kan Ubuntu yake dubawa, in bai yi daidai da sunan da ka zo da shi ba ya kore ka. Ni ina ta canza makulli, ashe mai gadin fuska yake dubawa. Na rubuta 127.0.0.1, wato adireshin sabar ita kanta, a gurbin, na mayar da fayil ɗin yadda yake, mai tantancewa da scram-sha-256, wato da kalmar sirri, sai ta shiga ta ƙofar da ta dace. Ya kuma koya mini cewa daga sama zuwa ƙasa ake karanta fayil ɗin nan, layin farko da ya dace da kai shi ne hukuncinka, ba a duba na ƙasa.

Na zaci an gama. Da na zo gina teburan, sai aka ce manhajar ba ta da izinin ƙirƙirar komai a sashen public. Ni kuwa na ba ta duk izinin da darasin da nake bi ya ce a bayar. Injiniya ya yi dariya ya ce in duba shekarar da aka rubuta darasin. Ashe tun PostgreSQL 15, wanda ya fito a 2022, aka daina barin kowa da kowa ya gina tebur a wannan sashen, sai mai rumbun ko wanda aka ba izini takamaimai. Zuciyata ta raya mini in ba manhajar sunan postgres, babban mai gida, a huta. Ya ce a'a, ɗan aike ba a ba shi makullin taskar gida. Muka mayar da ita mai rumbunta guda ɗaya tak, ba ta da iko a kan sauran. Da muka ajiye waya ana ta kiran assalatu. Mutumin nan yana da iyali, yana da aikinsa, katinsa ne kuma ya ƙone. Injiniya, Allah ya saka maka da mafificin alheri, ya jiƙan mahaifa, ya sa ilimin nan ya zame maka sadaka mai gudana.

Asabar da safe aka ɗauke wuta, batirin kwamfutata kuwa tsoho ne, ko awa ɗaya ba ya kaiwa. Mai shagon caji na bakin layinmu ya janye wayoyi uku ya ba ni soket, ya ba ni benci a kusa da janareta. A nan na wuni cikin ƙara da hayaƙi ina fama da saƙon kuskure mai lamba 502, Nginx mai karɓar baƙin shafi na neman Gunicorn mai tafiyar da manhajar bai same shi ba, daga baya kuma shafin ya fito tsirara ba ado don na manta ban tattara fayilolin kwalliyarsa ba. Waɗannan da kaina na warware su, da dabarar daren Juma'a ta tsayawa a karanta abin da aka rubuta. Da yamma na miƙa wa mai shagon kuɗi ya ture hannuna, ya ce in na zama babban mutum in yi wa shagonsa irin wannan. Na ɗauki alkawari a gaban shaidu.

Akwai wata 'yar'uwa a ajinmu da ta rufa mini asiri. Ta leƙa aikina a GitHub, shafin da muke ajiye rubutun manhaja, ta ga kalmar sirrin rumbun a fili cikin fayil ɗin saiti. Da a zaure ta faɗa, da na sha tsiya har ƙarshen shekara. Ta gefe ta turo mini saƙo. Na ce mata na gode, na goge. Ta ce gogewa ba ta isa ba, Git, tsarin da ke adana duk canjin da aka yi wa rubutun, ba ya mantuwa, tsohon rubutun yana nan a tarihi, sai dai a canza kalmar ɗungurungum a ajiye sabuwar a wani fayil da ba ya hawa can. Malama, Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira.

Na ƙarshe da ya kama ni shi ne wanda ya fi ba ni haushi, don a kan harshenmu ne. Na loda sunayen gwaji daga fayil ɗin CSV, na buɗe shafi, sai na ga ?anladi, ?anjuma, unguwar ?ofar Mata. Duk inda harafi mai lanƙwasa yake alamar tambaya ta maye gurbinsa. Na fara zargin rumbu, na duba, a tsarin UTF-8 yake, wanda ya san haruffanmu, ba shi da laifi. Laifina ne, wurin ajiye fayil ɗin na zaɓi tsohon tsarin da bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, tun a can suka mutu kafin su iso. Wani a zaure ya ce in rubuta su da k da d kawai, wa zai lura? Ni dai raina bai ba ni ba, manhajar da aka yi don yaran Hausawa a ce ta kasa rubuta sunayensu. Na sake ajiyewa a UTF-8, na share teburin na sake lodawa, Ɗanladi ya dawo da ƙugiyarsa. Bayan haka takardar shaidar tsaron shafi da ake samu daga Let's Encrypt ba ta ba ni wahala ba, kyauta ce, kwana 90 take yi, kuma manhajar Certbot na sabunta ta da kanta.

'Yan zaure da kuka yi ta turo shawara, wadda ta yi aiki da wadda ba ta yi ba, duk na gode, Allah ya bar zumunci. Wanda na yi wa gajen haƙuri a kwanakin nan ya yafe mini, rashin barci ne.

Sai Umma. Ita ba ta san PostgreSQL ba, ba ta kuma nemi sani ba. Daren Juma'ar nan sau biyu tana leƙowa, na biyun da kofin kunu a hannu, ta ajiye ta ce, "Har yanzu bai buɗe ba?" Na ce bai buɗe ba. Ta ce, "Zai buɗe da yardar Allah," ta koma kan sallayarta. Jiya da na nuna mata shafin, ta ɗora tabarau ta duba sunayen ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tambaye ni me ya sa ban saka na jikokinta ba. Umma, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, zan saka.

Yau ƙarfe biyu za a duba aikin, ina barar addu'arku. Injiniya kuma ya riga ya turo saƙo da sassafe yana tambaya ko na saita pg_dump ya riƙa kwafe rumbun kowane dare. Ranka ya daɗe, ban yi ba tukuna, ina sallame Azahar zan zauna a kai.