Aligarh, makarantar da aka kafirta wanda ya gina ta

Jiya bayan isha'i ƙanina ya shigo gida nan Tudun Wada da zancen wai Indiya zai tafi karatu, kuma jami'ar Aligarh yake so. Baba na jin sunan ya rage muryar rediyo, ya ce ai malamin da ya koya musu lissafi a sakandare can ya yi karatu, wani Ba'indiye mai baƙar riga har gwiwa da maɓallai reras, duk zafin Kaduna baya cire ta.

Ni dai abinda ya riƙe ni a labarin makarantar nan shine rigimar da aka sha kafin ta tsaya. Bayan boren da aka yi wa mulkin Ingila a Indiya a 1857 Turawa sun ɗora ma Musulmin Indiya laifi sosai, su kuma Musulmin suka yi fushi suka juya ma boko baya, waɗanda ba Musulmi ba na ta shiga aikin gwamnati su suna gefe. Sayyid Ahmad Khan, wanda alƙali ne a ƙarƙashin Turawan, ya je Ingila a 1869 ya ga Oxford da Cambridge ya dawo da niyyar sai ya yi irinsu, amma da masallaci a ciki, a yi Turanci da kimiyya a yi Larabci da addini. A 1875 aka fara, ƴar makaranta ce ma, ita ce ta zama Muhammadan Anglo-Oriental College. Wallahi mutumin nan ya ga ta kansa, malamai suka ce ya kafirta, har Makka aka je aka nemo fatawa a kansa, shi kuma yana ta yawo gari gari yana roƙon kuɗin gini wajen sarakuna da attajirai. Ya rasu a 1898 bai ga ta zama jami'a ba, sai a 1920. Kabarinsa na nan gefen masallacin makarantar.

Baba ya ce to ai mu ma haka aka yi da boko. Gaskiya ne, sai dai tamu Kwalejin Katsina da ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, wadda ta zo nan Kaduna a 1938 kafin ta koma Zariya ta zama Barewa, Bature ne ya gina ta don ya samu malamai da ma'aikata. Su can nasu ne ya yi bara ya gina, nan ne nake ɗan jin kishi.

Ba wai duk abin yabo bane fa, ƴaƴan manya aka fi nufa da ita tun farko, kuma Sayyid ɗin ya cika lallaɓa Turawa. Sannan da aka raba ƙasar a 1947 ɗalibanta ma rabuwa suka yi, Liaquat Ali Khan ya zama firaministan Pakistan na farko, Zakir Husain ya zauna har ya zama shugaban ƙasar Indiya.

Ƙanin nawa kam ba tarihi ya dame shi ba, farashin dala yake ta dubawa a waya. Baba ya ce in Allah ya sa ya tafi ya taho masa da irin baƙar rigar nan.