Yadda na haɗa alam da fitilar cikin a-kori-kurata

Yawancin alam ɗin da ake saya a kasuwa a ɗaura wa mota suna zuwa da wata waya da masu gyaran wutar mota kan naɗe su tura bayan dashbod ba tare da sun haɗa ta da komai ba. Aikin wannan wayar shi ne ta kunna fitilar cikin mota da zarar an danna rimot an kwance alam, ta bar ta a kunne na kimanin sakan 30 ko har sai an murɗa makulli. A alam irin su Viper da Clifford, waya ce baƙa mai ratsin fari, amma kowane kamfani da nasa launin, don haka takardar da ta zo cikin kwalin ita ce abin dogaro. Ga mai Hilux irin tawa, wanda yakan dawo daga gona bayan isha'i ya ajiye mota inda babu hasken titi, ganin kujeru da ƙasansu kafin a buɗe ƙofa ba ƙaramin amfani ba ne.

Abin da ya kamata a fahimta tun farko shi ne, alam ba ta ba wa ƙwan fitilar wuta. Abin da take yi shi ne ta sa motar ta ɗauka an buɗe ƙofa. A motocin Toyota, Nissan da mafi yawan irinsu, wutar batir mai volt 12 tana zaune a gefe ɗaya na ƙwan dare da rana, ta cikin fiyus ɗin da Toyota ke rubuta DOME a kansa. Ɗaya gefen kuma yana jiran a taɓa shi da jikin mota, wato nagetif, kuma ɗan makunnin nan da ke jikin ginshiƙin ƙofa shi ne yake yin wannan aikin idan ƙofa ta buɗe ta daina danne shi. Tsofaffin motocin Ford da yawa an juya musu tsarin, inda makunnin ƙofar yake aika fozitif. Wanda bai tantance wanne ne a motarsa ba kafin ya fara fere waya, ƙona fiyus shi ne mafi sauƙin abin da zai same shi.

Tantancewar ba ta da wuya. Na cire robar da ke gefen ƙafar direba, na sa mitar auna wuta a ma'aunin volt 20, na ɗora baƙin tsinken a kan wani noti mai tsabta na jikin mota, jan kuma a kan wayar da nake zargi. Da ƙofa a rufe mita ta nuna kusan 12, da na buɗe ta sauka kusan sifili, wanda ke nufin tsarin nagetif ne. Da akasin haka ta nuna, da fozitif ke nan. Ban yarda da ƙwan gwaji da masu gyara suka saba cakawa a kowace waya ba, domin yana jan wutar da za ta iya lalata kwamfutar mota, kuma a wannan lungun ne wayoyin jakar iska masu rawayar riga sukan ratsa, waɗanda bai kamata ko kusa a taɓa su ba.

A nan ne ake samun saɓani, domin wasu za su ce tunda wayar alam nagetif take bayarwa, motar ma nagetif take jira, me zai hana a murɗa su tare a wuce wurin? Amsar tana cikin lissafi. Wayar alam ba ta ɗaukar fiye da miliampiya 200, alhali ƙwan rufi mai wat 10 yana jan kusan ampiya 0.8 (miliampiya 800), wato ninki huɗu na ƙarfinta, kuma a sakan na farko da ƙwan yake a sanyaye yana jan fiye da haka. Ƙaramin tiransiston da ke cikin alam zai ƙone, kuma ba wanda zai gyara shi da araha. Ko da an canza ƙwan zuwa LED mai cin wuta kaɗan, ni ban ga hikimar yin caca da alam gaba ɗaya saboda kuɗin rile guda ba, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa don ya ɗauki babbar wuta, musamman da yake ba a san ranar da wani zai mayar da tsohon ƙwai ba.

Rile ɗin da ake buƙata shi ne baƙin nan mai ƙafa biyar, irin na Bosch, wanda aka buga wa lambobi 85, 86, 30, 87 da 87a a ƙasansa. Ƙafafun 85 da 86 su ne na maganaɗisun da ke ciki, kuma abin da yake ja yakan tsaya wajen miliampiya 150, wanda wayar alam za ta iya ɗauka. Na kai wayar alam kan 85, na kawo wutar batir ta dindindin kan 86 ta cikin ƙaramin fiyus da na sa kusa da inda na ɗebo wutar. Na ɗaure 87 da jikin mota, na haɗa 30 da wayar ƙofar da na gano da mita, na bar 87a babu komai na rufe ta. A motar da ƙofarta ke aika fozitif, abu ɗaya kawai ke canzawa, wato a kai 87 kan wutar batir mai fiyus a maimakon jikin mota. Na kuma gicciya dayod 1N4007, ɗan abin da ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, tsakanin 85 da 86, gefen mai zobe yana kallon 86, domin maganaɗisun yakan harbo wuta mai ƙarfi baya a lokacin da aka yanke masa, kuma dayod ɗin ne ke shanye ta kafin ta isa alam. Idan aka juya shi, wuta za ta bi ta cikinsa kai tsaye ta lalata abin da aka sa shi ya kare, saboda haka a duba zoben da kyau.

Sababbin motoci sun fi rikitarwa. A Hilux da aka fara fitarwa daga 2015, da takwarorinta na wannan zamani, makunnin ƙofa ba ya zuwa ga ƙwai kai tsaye, yana shaida wa kwamfutar jikin mota ne, ita kuma ta kunna fitilar ta kuma dusashe ta a hankali bayan an rufe ƙofa. Inda kowace ƙofa take da wayarta daban, ba a haɗa su wuri guda haka nan, sai an raba su da dayod ɗaya ga kowace, rile kuma ya isa a ɗora shi kan waya guda kawai. Jinkirin dusashewar nan yakan sa alam ta ɗauka an bar ƙofa a buɗe idan aka kulle mota nan take, sai ta yi ƙarar gargaɗi, kuma maganinsa yana cikin saitin alam ɗin, inda ake umartar ta da ta ɗan jira kafin ta duba ƙofofi. Haka kuma alamar buɗaɗɗiyar ƙofa za ta iya haskawa a dashbod na tsawon lokacin da rile yake aiki, wanda ba lahani ba ne.

Game da haɗin wayoyin kansu, ina da ra'ayi mai tsauri. Murɗa waya da hannu a naɗe ta da baƙin salatif ba ya jure zafin Afrilu da girgizar hanyar burji, domin gam ɗin yakan narke salatif ɗin ya zame. Na cire kan batir na nagetif kafin na fara haɗa su, na liƙe kowane haɗi da dalma, na sa masa robar da ke tsukewa da zafi, sannan na ɗaure rile ɗin ƙafafunsa na kallon ƙasa don kada ruwa ya taru a ciki.

Kafin a mayar da robobi, a tabbata makunnin fitilar rufin yana kan DOOR, domin idan yana kan OFF rile zai yi ta ƙas-ƙas amma haske ba zai zo ba. A kulle alam, a jira minti ɗaya, a kwance ta, a ga fitilar ta kama kuma ta mutu da an murɗa makulli. Daga nan sai a auna abin da motar ke ja daga batir tana kulle komai a kashe, bayan kwamfutocinta sun yi barci. Idan ya wuce miliampiya 50 sosai, wataƙila rile ɗin bai saki ba, kuma wuri na farko da za a duba shi ne ko wayar 85 ta goge tana taɓa jikin mota.