Maki shida da suka raba 'yata da tallafin karatu a Amurka

Jimillar makin 'yata a jarrabawar PSAT, wadda ɗaliban sakandare a Amurka ke zanawa a matsayin share fagen jarrabawar shiga jami'a ta SAT, 1460 ne cikin 1520. Lissafi ta cinye shi kaf, 760 cif-cif, Turanci kuma ta samu 700. Da sakamakon ya fito a watan Nuwamban 2023, har Kano na buga waya na shaida wa Hajiya cewa jikarta ta fitar da mu kunya. Duk gidan babu wanda ya kula da wata 'yar lamba da ke cikin takardar, 216. Ashe ita kaɗai ce masu gasar National Merit ta neman tallafin karatun jami'a suke dubawa, kuma a jiharmu ta Virginia, a wannan zagayen, 222 ake nema.

Ga yadda ake samo lambar, tunda ni ba a gaya mini ba sai bayan an yi ruwa an ɗauke. A ninka makin Turanci sau biyu, a ɗora na lissafi sau ɗaya, a raba da 10. Wato 700 da 700 da 760 sun tashi 2160, ka raba, 216. To juya makin: a ce Turancin ne 760, lissafin 700. Jimilla tana nan 1460 ba ta motsa ba, amma lambar ta koma 222. Yara biyu, jimilla ɗaya, ɗaya ya haye ɗaya ya tsaya. Kashi biyu cikin uku na gasar nan karatu da rubutun Turanci ne. Ni kuwa tun tana aji shida nake biyan kuɗin lesin na lissafi.

Ba haka kawai na faɗa wa lissafin ba. Duk mai ɗa a gundumar Fairfax ya san TJ, makarantar kimiyya da fasaha ta Thomas Jefferson da aka buɗe a 1985, wadda ta sha zuwa ta ɗaya a jerin sakandaren Amurka na mujallar U.S. News. Ni da na tashi ina jin yadda ake kiran makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da girmamawa, ba sai an yi mini dogon bayani ba. A da jarrabawa ake zanawa a shiga, kuma unguwannin nan cike suke da wuraren lesin da ke cin abinci da ita. Na kai yarinya ɗaya daga ciki. Mai wurin ya dube ni ya ce yaran Afirka ba su da matsalar Turanci, lissafi ne ke kayar da su. Maganar ta yi mini daɗi, na biya.

Sai ga shi a ƙarshen 2020, tana aji takwas, hukumar makarantun gundumar ta soke jarrabawar, ta soke kuɗin fom na dala 100, ta ƙara gurabe daga wajen 480 zuwa 550. Aka ware wa kowace ƙaramar sakandare gurabe daidai da kashi 1.5 cikin ɗari na 'yan ajinta na takwas. Aka koma duba makin aji, wanda dole ya kai 3.5 cikin 4, da rubutun da yaro zai yi game da kansa da kuma warware wata matsala, sannan a yi la'akari da yanayin gidansu, kamar rashin wadata ko kasancewar Turanci ba harshen gida ba ne. Makarantar su 'yata ba ta cika tura kowa TJ ba a tsohon tsari. A sabon tsari ta samu gurbi, tana cikin rukunin farko. Alhamdulillahi, har gobe ina alfahari da wannan.

Amma rukunin farkon nan sun sha kallo. Kason 'yan asalin Asiya cikin waɗanda aka ɗauka ya sauko daga kashi 73 zuwa 54, na baƙar fata ya tashi daga kusan 1 zuwa 7, na 'yan asalin Latin Amurka daga 3 zuwa 11. Wasu iyaye suka kafa ƙungiya suka shiga kotu. A Fabrairun 2022 alƙali Claude Hilton ya ba su gaskiya, a Mayun 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, a Fabrairun 2024 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren ƙarar, duk da alƙalai Alito da Thomas sun nuna rashin amincewa. Duk wannan shari'a ana yin ta ne yarinyar tana tashi da asuba tana bin bas zuwa makarantar da ake gardamar ko ta cancanci shiga.

Kuma gaskiya ɗaya ce, ta shiga a baya. Ta tarar da yaran da suka wuce ta da shekara guda, wasu biyu, a lissafi. Zangon farko ta sha kuka. Me uba zai yi? Na koma wa mai lesin. Asabar lissafi, Lahadi da yamma lissafi, hutun bazara lissafi. Yarinya ce da a da sai an ƙwace littafin labari daga hannunta kafin ta ci abinci, ɗakin karatu na unguwa ma sun san ta. Da bakina na ce mata, "Ajiye tatsuniyoyin nan, ba su za su kai ki jami'a ba." Ta ce, "To, Abba." Ta ajiye ɗin kuwa. A cikin duk abin da ya faru, wannan "to" ɗin ne yake dawo mini.

Sunan National Merit na fara jin sa sosai a ƙarshen 2022, lokacin da aka yi ta ce-ce-ku-ce kan jinkirin sanar da wasu ɗalibai a makarantun Virginia cewa sun samu takardar yabo, har gwamnan jihar na lokacin, Glenn Youngkin, ya nemi a yi bincike. Na karanta labarin kamar yadda ake karanta rigimar siyasa, na wuce. A raina na riga na gama lissafi: makarantar da ke fitar da yara sama da ɗari zuwa matakin kusa da na ƙarshe na gasar kowace shekara, ai tawa ma tana ciki. A zauren WhatsApp na iyaye kullum zancen kwasa-kwasan AP (darussan matakin jami'a da ake ɗauka tun a sakandare) ake yi da gasar lissafi da wane malami ya fi tsanani. Ko sau ɗaya ban ga wanda ya rubuta cewa Turanci ninki biyu ake ƙirga shi ba. Waɗanda suka sani sun ɗauka kowa ya sani. Wataƙila wasu kuma sun ga babu dalilin ƙara wa 'ya'yansu abokan takara, Allah shi ne masani.

Abin da ya sa kuskuren ke da tsada shi ne sau ɗaya ake yi. Jarrabawar watan Oktoba ta aji 11 ce kawai ake ƙirgawa. SAT kana iya maimaita ta har ka gaji, wannan kuwa safiya ɗaya ce, awa biyu da 'yan mintuna. Su ne ma rukunin farko da suka zana ta a kwamfuta, inda wahalar kashi na biyu ta danganta da yadda ka yi a kashi na farko. Tambayoyin Turancin gajerun sakin layi ne, kowanne da tambaya ɗaya: wace kalma ce ta fi dacewa a nan, wace jimla ce ke ƙarfafa hujjar marubuci, ina waƙafi ya kamata ya zauna. Ba abin da ake haddacewa a wata guda ba ne. Yaron da ya shekara yana karatu don nishaɗi yana jin amsar a kunnensa kafin ya san ƙa'idar. Tawa kuwa shekara biyu ba ta buɗe littafin da ba na aji ba.

Yara sama da miliyan ɗaya ke shiga gasar. Ana tsamo wajen 50,000 mafi maki. Kimanin 34,000 daga ciki takardar yabo kawai suke samu, kuma nan 'yata ta tsaya, don a shekarar 208 ne makin yabo. Wajen 16,000 ke zuwa matakin kusa da na ƙarshe, mafi yawansu kuma su kai na ƙarshe in sun cike fom, makaranta ta tsaya musu, makin SAT ko takwararta ACT ya gaskata na farko. Kyautar hukumar National Merit kanta dala 2,500 ce sau ɗaya, ba ita ce abin kuka ba. Kuɗin na wajen jami'o'i yake. Irin su jami'ar Alabama da ta Tulsa da ta Texas da ke Dallas sun yi suna wajen ɗauke wa waɗannan yaran kuɗin makaranta gaba ɗaya, wasu har da masauki. Manya irin su Harvard ba ruwansu da wannan, su ƙarfin aljihun iyaye suke dubawa. Amma mu masu albashin tsaka-tsaki, da ba mu yi talaucin da za a ɗauke mana komai ba, ba mu kuma yi kuɗin da za mu biya ba tare da bashi ba, wannan ƙofar tamu ce. Maki shida suka rufe ta. Yanzu tana wata jami'ar gwamnati a nan jihar, tana jin daɗin karatunta, ni kuma ina jin daɗin sa hannu a takardun bashi.

Akwai wani ɓangaren da ya ba ni dariya ina cikin takaici. Guraben 16,000 ɗin nan ba a raba su da maki ɗaya a duk ƙasa. Kowace jiha ana ba ta kaso gwargwadon yawan ɗalibanta masu kammala sakandare, sai a yanka maki inda kason ya cika. Shi ya sa New Jersey da Massachusetts da Maryland da Virginia ke can sama, Wyoming da West Virginia kuwa makinsu bai cika yin nisa da makin yabo ba. Daga gidana zuwa iyakar West Virginia tafiyar awa ɗaya da 'yan kai ce a mota. Da can muke zaune, da 216 ta haye da rara. Na fara zage-zage a kan rashin adalcin wannan tsari, sai uwargida ta ce, "Malam, kai ne fa kake kare makin shiga makarantun haɗaka na tarayya a gida, da ake yanka wa Anambra daban, a yanka wa jihohinmu daban." Na yi shiru. Shekara da shekaru ina gaya wa abokai 'yan kudu cewa rabon gurbi jiha-jiha shi ne adalci. Har yanzu ina ganin haka, sai dai yanzu na san yadda abin yake a wuyan wanda igiyar ta shaƙe.

A Satumban 2024 aka fitar da sunayen waɗanda suka kai matakin kusa da na ƙarshe, adadin 'yan TJ ya faɗi da kusan rabi idan aka kwatanta da na shekarar da ta gabata. Nan take masu adawa da sabon tsari suka ce ga hujja, an lalata makaranta. Masu goyon baya suka ce jarrabawa ɗaya ba ma'auni ba ce. Ni da 'yata ke cikin waɗanda ake ƙirgawa, duka biyun ba su gamsar da ni ba. Idan ka tace yara da jarrabawa a aji takwas, sannan bayan shekara uku ka ba su wata jarrabawar mai kama da ita, me kake tsammani? Adadin nan ƙofar shiga yake aunawa fiye da abin da ake koyarwa a cikin aji. Kuma tunda kason Virginia ƙayyadadde ne, guraben da TJ ta rasa ba sama suka tashi ba, yaran wasu makarantun jihar ne suka kwashe, ciki har da waɗanda a tsohon tsari da TJ ɗin za su tafi. Makin jihar ma hawa ya yi a shekarar. Amma su ma masu cewa ba komai ba ne, da alama ba su taɓa zama da kalkuleta suna lissafin kuɗin jami'a na shekara huɗu ba. Idan za ka buɗe ƙofa ga yaran da iyayensu ba su san hanya ba, to akwai abubuwan da tsofaffin iyayen ke gadar wa junansu a baki, kuma su ne ke raba 216 da 222.

Wani abokina ɗan Ghana, ɗansa yana makarantar unguwa da ba a san ta da komai ba. Yaron bai taɓa zuwa lesin ba, lissafinsa ma bai kai na 'yata ba. Ƙungiyar muhawara yake, kuma ba ya rabuwa da littafi. Sunansa ya fito. Na je na yi musu barka da zuciya ɗaya, amma a mota na daɗe ban tayar da inji ba.

Saboda haka duk wanda ya tambaye ni yanzu, kuma ana tambaya, a masallaci ko wajen suna, kafin mu yi zancen wace makaranta, sai na ce ya kawo mini takardar PSAT ta aji 10. Ba ta shiga gasa, amma ita ce madubinka. Ka manta da jimilla, ka yi lissafin nan na ninki biyu, ka nemi makin jiharka na shekarun baya ka gwada. In akwai tazara, ka tuna duk maki 10 da aka ƙara a Turanci yana ba da 2, a lissafi kuwa 1. Atisayen jarrabawar kyauta ne a manhajar Bluebook da shafin Khan Academy, kada wani mai lesin ya sake karɓe maka kuɗi a kan abin da ke intanet. Kuma don Allah in ɗanka mai son karatun labari ne, ka ƙyale shi. Ba na cewa a yi watsi da lissafi, don ba don lesin ɗin ba da wataƙila ba ta tsira a shekarar farko ba. Abin da nake cewa, da awa ɗaya cikin duk awa uku na lesin na bar mata ta karanta labaranta.

Ƙaninta bai nemi TJ ba. Shi ya ce ba ya so, uwarsa ta goya masa baya, ni kuma ban da bakin musu. Yana makarantar unguwa, yana buga ƙwallo, kuma ni nake kai shi ɗakin karatu yanzu, yana tafiya yana gunaguni. Yayarsa ce ke aiko masa da sunayen littattafai daga jami'a, don ta koma karatunta. Gwajin da ya yi na baya-bayan nan Turanci 640, lissafi 690, wato 197. Saura masa shekara guda kafin ya zana ta gasar.